Bakin da Allah Ya Tsaga: Sharhi a kan Marayun Bristol



Akwai maganar da ba ta rabuwa da bakin masu bi idan wata ya yi nisa, hatsi ya ja baya, ga kuɗin makarantar yara ana jira: "Allah zai tanada." A majami'a ana faɗin ta, a zumuntar mata ana faɗin ta, har wanda ake bi bashi yakan jefa wa mai binsa ita. Yau za mu ɗora wannan magana a kan rayuwar wani mutum da ya kwana ya tashi da ita sama da shekara 60, mu ga abin da ta ƙunsa da abin da muke cusa mata da kanmu.

Sunansa George Muller, haifaffen ƙasar Jamus a 1805. Da ƙuruciya ɓarawo ne, yakan ɗebi kuɗin mahaifinsa, kuma yana ɗan shekara 16 ya kwana a kurkuku saboda ya ci ya sha a masauki ya ƙi biya. A 1825 ya tuba a wani ƙaramin taron addu'a a birnin Halle. Ya ƙetara Ingila a 1829, ya zama fasto, a 1830 kuma ya yi abin da ya ɗaure wa mutane kai: ya ce ya yafe albashi. A wancan zamani hayar bencin coci ake biya, mai kuɗi ya zauna gaba, talaka ya rakuɓe a baya, daga nan ake fitar da albashin fasto. Muller ya soke wannan haya, ya ajiye akwati, wanda ya ga dama ya saka, ba wanda zai san nawa ya saka.

A 1832 ya koma Bristol. Shekarar ce kwalara ta ratsa birnin, ta bar yara barkatai ba uwa ba uba. A 1836 shi da matarsa Mary suka buɗe gidan marayu na farko a titin Wilson, da 'yan mata kusan 30. Dokoki biyu ya kafa wa kansa: ba zai roƙi ɗan Adam ko sisi ba, kuma ba zai ci bashi ba. Zuwa 1870 gidaje biyar ne manya-manya a Ashley Down, masu iya ɗaukar yara kimanin 2,000 a lokaci guda. Kafin rasuwarsa a 1898, marayu fiye da 10,000 sun ci sun sha sun yi karatu a hannunsa, kuɗin da ya bi ta hannunsa kuwa ya haura fam miliyan ɗaya. Shi kansa abin da aka tarar ya bari bai kai fam 200 ba.

To, a nan galibi masu wa'azi ke tsayawa, su ƙara da labarin nan da kowa ya sani: wata safiya yara na zaune, kwanoni wayam, Muller ya yi godiya a kan abincin da babu shi, sai ga mai gasa burodi yana ƙwanƙwasa ƙofa, bayansa ga mai madara da keken dokinsa ya lalace a ƙofar gida. Labari ne mai daɗin ji. Amma idan a kansa kaɗai aka tsaya, an cuci mai sauraro, domin an ɓoye masa yawancin kwanakin mutumin.

Yawancin kwanakin kuwa na ƙaƙa-nika-yi ne. Daga 1838 aka shiga shekaru na matsi, inda sau da yawa kuɗin abincin rana ba ya shigowa sai da hantsi, na dare kuma sai da la'asar. Ma'aikatan gidan sun sha fitar da ɗan abin da ke aljihunsu, an sayar da kayan da ba a bukata don a sayi gawayi da burodi. Yara ba su kwana da yunwa ba, amma ba a ga rarar da za a kai ma'aji ba. Wannan shi ne irin tanadin da Littafi Mai Tsarki ya fi nunawa. Manna da Isra'ilawa suka ci a jeji ta yini ɗaya ce, wanda ya yi wayon ɓoye ta kwana sai ya tarar da tsutsa. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa ma abincin yini ta roƙa. Mu ne muka mayar da isa ta zama tarin dukiya, har wanda bai sayi mota ba yake zargin bangaskiyarsa.

Abu na biyu, wanda ni a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne littafin lissafi. Mutumin da ya ƙi roƙo bai ƙi rubutu ba. Kowane kwabo da ya shigo an rubuta shi, an ba da rasiti, kowace shekara a buga rahoto kowa ya karanta. Kuɗin da aka bayar don gini ba ya taɓa shi don abinci, ko da tukunya na jira. Masu suka sun ce ai wannan rahoton shi ne roƙon, an dai sa masa riga ne. Maganarsu ba ta rasa tushe ba, domin mutane sun karanta sun ji tausayi sun aiko. Muller ya ji wannan zargi, sai a ƙarshen 1841, ana tsakiyar rashi, ya ɗage fitar da rahoton da taron shekara na wasu watanni, don kada a ce su ne suka jawo kuɗin. Ko mutum ya gamsu ko bai gamsu ba, abu ɗaya ba ya musuntuwa: ta hannun mutane abincin ya riƙa zuwa. Akwai attajirai a cikinsu, akwai kuma masu wanki da guga da 'yan aikin gida da suka kawo zobe ko 'yan sulalla. Na Allah ba sa ƙarewa, kuma da su yake aiki.

Haka abin yake tun zamanin Manzo Bulus. Ayar nan da ake yawan ja daga wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, sura ta 4, mai alkawarin biyan dukan bukata, daga kurkuku ya rubuta ta, yana gode wa wata ikkilisiya da ta tara gudummawa ta aiko masa ta hannun Abafroditus. A wurin nan dai ya shaida musu cewa ya san ƙoshi ya san yunwa, ya kuma koyi zama da kowanne. Saboda haka idan ka ji an ɗaga wannan aya ana cewa ka "shuka iri" na dubu goma don ka girbi miliyan, tambayi mai maganar: ina littafin lissafin? Wa ya duba shi? Wanda Allah ya ishe shi ba ya tsoron a ƙirga baiko a gaban dattawa.

Sai kuma abin da ba a cika faɗa a kan bagade ba. Wannan mutum da ake cewa addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa ya binne ɗansa Iliya yana jariri a 1835. A 1870 matarsa Mary ta kwanta ciwo, ya roƙa, ta rasu, shi da kansa ya yi wa'azin jana'izarta. 'Yarsa tilo da ta rage, Lydia, ta riga shi a 1890, matarsa ta biyu ma ta riga shi. Bai taɓa koyar da cewa wanda ya dogara ga Allah ba zai yi kuka ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa wata ƙaya da ke damun jikinsa, ba a cire ba, aka nuna masa alherin da zai ɗauke ta da shi. Gwauruwar da ke saurarenmu yanzu, wadda aka ce mata da ta yi azumi sosai da mijinta bai mutu ba, ta sani wannan magana ba daga Littafi ta fito ba.

Kada kuma wani ya ce Muller ya ba shi lasisin naɗe hannu. Yaran gidansa sun koyi karatu da rubutu da lissafi, har wasu masu masana'antu suka yi ƙorafin cewa yana ilimantar da 'ya'yan talakawa fiye da matsayinsu. Maza sukan kai shekara 14 a kai su koyon sana'a, mata sukan kai 17, kowa ya fita da Littafi Mai Tsarki da akwatin tufafi. Yana da nasa gejin da za a iya kushewa: a zamaninsa sai yaron da aka haifa cikin aure, wanda ya rasa iyaye duka biyu, ake karɓa, alhali yunwa ba ta tambayar takardar aure.

Wannan hanya ta rashin roƙo ta yi tafiya mai nisa. Hudson Taylor ya ɗauke ta ya kafa mishan ɗinsa na ƙasar Sin a 1865, Muller kuma ya riƙa tura wa ma'aikatansa kuɗi. Irin wannan dogaro ne ya kawo samari uku Legas a ƙarshen 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wata babbar ƙungiya a bayansu, suna neman hanyar shiga ƙasashen arewa. Cikin 1894 zazzaɓi da ciwo suka kashe biyu daga cikinsu, Kent a Bida, Gowans a Girku. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake yunƙuri ya kasa, sai a 1902 aka samu zama a Patigi. Daga wannan aiki, wanda ya zama mishan ɗin SIM, ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954, shekara 60 bayan an haƙa waɗancan kaburbura biyu.