Wanda Ya Raba Hawainiya Da Rana, Bashin Rana Na Wuyansa

Wani sabon yayi ya shigo da ke ƙona mini rai. Ka buɗe TikTok ko Instagram, sai ka ga saurayi ya ajiye hawainiya a akwatin gilashi a kusurwar falo, ya kunna mata wata fitila shuɗiya mai ƙyalli, ana ta yaba masa. Dillalin da ya sayar masa kuwa cewa ya yi ai ba ta da wahala, fara da ruwa sun ishe ta. Wallahi ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa.

A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da idon mutum ba ya gani, ana ce masa UVB. Idan ya sauka a fatar hawainiya, jikinta yana haɗa bitamin D3, kuma da wannan bitamin ne hanjinta ke iya jan kalsiyam daga abincin da ta ci. In babu UVB, ko buhun garin kalsiyam ka zuba wa farar da take ci, yawancinsa wucewa zai yi. Sai jiki ya koma yana kwasar kalsiyam daga ƙashi. Ƙafafu su lanƙwashe, haɓa ta yi laushi, harshen nan da take harbawa ta kama ƙwaro ya daina kaiwa, ta fara suɓucewa daga reshe tana karyewa. Macen hawainiyar Yaman, wadda ta fi yawa a kasuwar dabbobin ƙawa ta duniya, tana yin gomman ƙwai ko da babu namiji, kuma in kalsiyam ya yi mata ƙaranci ƙwan kan maƙale a cikinta ta mutu. Wannan azaba watanni take ɗauka, dabbar kuma ba ta da bakin kuka. Ranar da ta mutu sai mai ita ya ce dama kwananta ne ya ƙare.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarkacen da ake tallata wa mutane da sunan fitilar UV. Fitilar nan mai launin shuɗi da 'yan kasuwa ke haska takardar kuɗi da ita don gano jabu, UVA take fitarwa, ba ta tsinana wa ƙashi komai. Ƙwan fitila mai zafi ɗumi kawai yake bayarwa. Ana bukatarsa, amma aikinsa daban ne. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta, wadda ta cika kasuwa lokacin annobar korona, UVC ce, tana ƙona ido da fata, na dabba da na mutum. Ƙananan ƙwayayen fitilar nan masu murɗaɗɗen gilashi kuwa, haskensu a wuri ɗaya yake taruwa: kusa ya yi yawa, ɗan nesa kaɗan ya ɓace. Wasu nau'o'insu sun taɓa jawo wa dabbobi masu jan ciki kumburin ido a Turai da Amurka, har likitar dabbobi Frances Baines ta Birtaniya da abokan aikinta suka fito da matsalar fili. Masu cewa sun ajiye akwatin a jikin taga su ma yaudarar kansu suke yi, domin gilashin taga yana tare kusan dukkan UVB.

Kuma ba a ce ilimin a ɓoye yake ba. Gary Ferguson na jami'ar Texas Christian a Amurka da ɗalibansa sun nuna cewa hawainiyar Madagaska mai launuka tana ƙara shan rana idan D3 ya yi ƙaranci a abincinta, ta rage idan ya wadata. Wato ta san abin da jikinta ke so. Kai aikinka ka ba ta zaɓi. A 2010 Ferguson da abokan aikinsa suka wallafa ma'aunin da ya kasa dabbobi masu jan ciki gida huɗu bisa yawan ranar da suke sha. Masu kiwon da suka san hannunsu suna amfani da doguwar fitila ta T5 mai UVB kashi 5 ko 6 cikin ɗari, irin ReptiSun 5.0 ko Arcadia 6%, a ɗora ta bisa rufin keji, a daidaita reshen shan ɗumi yadda ma'aunin UV zai kai wajen 3 a bayan dabbar. Ragar rufin tana rage ƙarfin hasken, don haka sai an auna, da na'ura irin Solarmeter 6.5. A cika kejin da ganye domin ta sami inuwar fakewa. A kunna awa 12, a kashe awa 12, da dare duhu sosai, ban da jan ƙwan nan da ake cewa na barci ne. Sannan UVB ɗin fitila yana raguwa tun tana ci gaba da haske tas, shi ya sa ake sauya T5 kusan duk shekara, tsohon samfurin fitila T8 kuma bayan wata shida. Dillalai nawa ne ke faɗa wa mai saye wannan kafin su karɓi kuɗinsa?

Abin kunya ma shi ne a ƙasarmu ake wannan ta'asa, inda rana ba ta yanke mana. Kejin raga a ƙarƙashin bishiya, da hantsi, rabi rana rabi inuwa, ya fi kowace fitilar da aka shigo da ita daga waje. Amma kada wani ya ji haka ya ɗauki akwatin gilashi ya ajiye a tsakar gida, don cikin ɗan lokaci zai zama tanda. Wanda kuma ya zaɓi fitila, ya tambayi kansa ko yana da wutar awa 12 kullum, ko sola da batirin da za su riƙe ta.

Sai kuma batun inda ake samo su. Hawainiyar da ke cikin gonakinmu tana cin fara da sauran ƙwari, tana shan ranarta kyauta. An daɗe ana kwasar hawainiyoyin daji daga Togo da Benin da Ghana zuwa ƙasashen waje, duk da cewa cinikinsu yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai ƙayyade cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Yanzu kuma mu da kanmu za mu rinƙa tura yara su kamo mana don mu yi ƙawar falo?

Tun muna makarantar allo aka sanar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi nata ba. Ga hawainiya, hasken rana cikin abincinta yake. Mai sayarwa ya daina ba da ita sai tare da fitilar gaskiya da bayanin amfani da ita, in ya ƙi a daina sayen kayansa. Mai saye kuma ya yi lissafin fitila da sauyinta da wuta tun kafin ya taya. In kuɗin ya fi ƙarfinka, ba laifi ba ne ka haƙura. Laifin shi ne ka kulle rai ka zuba ido yana karyewa.