ZAUREN GIDA: Ruwan Da Ke Cin Sabulu

Kwanan baya na tarar da wani maƙwabcina yana ta faɗa da iyalinsa, wai sandar sabulu ba ta kwana uku a gidan, ga hitar dafa ruwa ta ƙone karo na biyu. Da na leƙa cikin butar shayinsu sai na ga wani farin ɓawo ya manne mata kamar an yi mata shafen farar ƙasa. Na ce masa, "Malam, ka bar jaki kana dukan taiki. Laifin na ruwan rijiyarka ne."

Ga yadda al'amarin yake. Ruwan sama idan ya nutse cikin ƙasa yakan ratsa duwatsu, yana narkar da su kaɗan-kaɗan. Inda akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa don yin siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka ta Jihar Gombe, da Ewekoro ta Jihar Ogun, sai ruwan ya kwaso sinadarai biyu, kalsiyam da maganiziyam. Masana sukan ce ruwa ya yi nauyi idan waɗannan sun haura awon miligiram 120 a lita guda. Ido ba ya ganinsu, amma da zarar ruwan ya ji wuta sai wani kashi nasu ya koma dutse, ya manne a buta da hita da bakin famfo.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce. Ɓawon yana tare zafi, saboda haka ruwa ya daɗe bai tafasa ba, itace ko lantarki ya tafi a banza, ƙarfen hita kuma ya yi ta gasuwa har ya ƙone. Sabulu ya ƙi kumfa, farin tufafi ya dushe, wake ma ya yi taurin kai a tukunya.

Mai son ya gane irin ruwansa, sai ya sami kwalba biyu, ɗaya ya zuba ruwan rijiya, ɗaya ruwan sama, ya sa musu ɗan sabulu daidai wa daida, ya girgiza. Wadda ta yi fari kamar tsala ba kumfa, ita ce mai ruwa mai nauyi.

To, mene ne magani? Abokin gaban wannan ɓawo shi ne tsami. A matse lemun tsami uku ko huɗu, ko a jiƙa tsamiya a tace, a zuba a buta tare da ruwa, a tafasa, a bar shi kamar awa guda, sannan a zubar a ɗauraye sosai. Bakin famfo kuwa, a ɗaure masa tsumma jiƙaƙƙe da ruwan lemun ya kwana. Kada a kankare da wuƙa. Kada kuma a bar tsami ya daɗe a tukunyar alminiyam, ko ya zuba a daɓen tarazo, domin yana cinsu. Babban gargaɗi: kada a kuskura a haɗa tsami da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne.

Wajen wanki, dabarar kakanninmu tana nan da amfaninta. Ɗan ruwan kanwa ko ruwan toka da aka tace, idan aka zuba a ruwan wanki aka bari ya kwanta kafin a sa sabulu, yakan saukar da sinadaran nan ƙasa. Alif dai ba ya wannan aiki. Laka kawai yake kwantarwa. Da damina kuma a tari ruwan sama don wanki.

Saura batun sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauki nauyin ruwa a matsayin abin da ke cutar da mai shansa ba. Abin tsoro a rijiya shi ne ƙwayoyin cuta, maganinsu kuwa tafasawa.

Maƙwabcina dai ya sayi lemun tsami, ya kuma ba uwargida haƙuri. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu. Sai mako mai zuwa.