Lafiyar Iyali: Uwargida, Kiɗa Na Maganin Farfaɗiya Ko Tayar Da Ita Yake?

  

Makon jiya wata 'yar'uwa daga Kafin Hausa ta ajiye mana tambaya. 'Yarta mai shekara tara tana fama da farfaɗiya tun bayan wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da ita tana ƙarama. Duk wata sai an sayi magani, ga kuɗin mota zuwa asibiti a Haɗeja. Kwatsam sai wani bidiyo ya shigo guruf ɗin danginsu na WhatsApp, wai Turawa sun gano wani kiɗa da in mai farfaɗiya yana saurarensa zai rabu da ciwon. Ita kuwa kakar yarinyar ta hana ta leƙa gidan biki, ta ce kiɗa ne ke tayar mata da iska. Shi ne take tambaya: wa za ta bi? Kuma za ta iya ajiye maganin ta gwada kiɗan?

Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce mai haɗari. 'Yar'uwa, kada ki ajiye maganin nan ko da na kwana ɗaya ne. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsawo wadda ba ta yankewa, kuma irin wannan tana iya ɗaukar rai.

Mene ne ke faruwa a kan yarinyar?

Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da saƙonni masu kama da wutar lantarki. Idan wani ɓangarenta ya saki saƙonnin nan a hargitse, gaba ɗaya a lokaci guda, shi ne za ki ga yaro ya faɗi yana jijjiga, ko ya ƙura ido ya yi shiru na ɗan lokaci bai san inda yake ba. A ƙasarmu sau da yawa asalin abin tabo ne da ya samu ƙwaƙwalwa: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, doguwar naƙuda, ko buguwa a ka. Wani kuma ba a gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko kumfar baki, ko cin abinci a kwano ɗaya.

Ina labarin kiɗan ya samo asali?

Bidiyon bai yi ƙarya ɗari bisa ɗari ba, amma ya zuba gishiri har miya ta ɓaci. Kiɗan da ake nufi na wani makaɗin ƙasar Ostiriya ne mai suna Mozart, wanda ya tsara shi a 1781 don a kaɗa da fiyano biyu, ba murya a ciki. Masana suna kiransa da lambarsa, K.448.

A 1998 wani likita a birnin Chicago na Amurka, John Hughes, shi da abokan aikinsa suka riƙa kunna wa masu farfaɗiya kiɗan suna auna su da na'urar EEG, wadda ake liƙa wayoyinta a fatar kai don ganin motsin ƙwaƙwalwa. Sun ga hargitsin saƙonnin ya ragu a yawancinsu lokacin da kiɗan ke tashi. Daga baya likitocin yara a Taiwan suka gwada a kan yara, su ma suka ba da labarin sauƙi. A 2020 kuma aka fitar da sakamakon wani bincike daga Toronto ta Kanada: mutum 13 ne, kowa yana sauraren minti shida na farkon kiɗan kullum har wata uku, kuma yawan faɗuwarsu ya ragu a wannan lokacin.

To amma ki lura da abu biyu. Na farko, mutanen nan suna kan maganinsu, ɗora musu kiɗan aka yi a kai. Na biyu, mutum 13 ko ajin firamare ɗaya ba su cika ba. Shi ya sa a 2023 wasu masana a Jami'ar Biyena, a ƙasar shi Mozart ɗin, suka tattaro binciken da aka yi suka tace, suka ce mutanen da aka gwada sun yi kaɗan, tsarin wasu binciken kuma yana da rauni, don haka babu hujja mai ƙarfi cewa kiɗan yana magani. Har yau likitoci ba su sa shi cikin jerin magungunan farfaɗiya ba. Wadda kuma ba ta sauraren kiɗa saboda fahimtarta ta addini, ta kwantar da hankalinta, ba ta tauye wa ɗanta komai ba.

To maganar kaka fa?

Ita ma ba daga sama ta tsinto ta ba. Mun taso muna jin yadda goge da garaya ke sa 'yan bori hawa har su faɗi, shi ya sa da an ga yaro ya faɗi a wurin kiɗa sai a ce iska ce. A likitance ma akwai nau'in farfaɗiyar da sauti ke tayarwa, wani likitan Ingila, Macdonald Critchley, ya yi bayaninta tun 1937. Mai irinta yakan faɗi ne idan ya ji wata waƙa takamaimai ko wani irin amo, sau da yawa wanda ke taɓa masa zuciya. Sai dai tana da matuƙar wuyar samu, an ƙiyasta kamar mutum ɗaya cikin miliyan goma.

Abin da ya fi kayar da yaro a lokacin biki ba kiɗan ba ne, hidimar da ke kewaye da shi ce. Ki tuna yadda bikinmu yake: daren kamu ana farke har ƙarfe biyu, gari ya waye a shiga girki, maganin yarinya yana can cikin jakar da aka bari a wani ɗaki, ba wanda ya tuna da shi. Rashin barci da tsallake magani su ne manyan masu tayar da farfaɗiya, sai zazzaɓi, gajiya da tashin hankali. Akwai kuma fitilun nan masu walƙiya da masu DJ ke kafawa. Kaɗan daga cikin masu farfaɗiya, wajen uku zuwa biyar cikin ɗari, walƙiyar haske tana tayar musu, kuma an fi ganin haka a yara da matasa.

Saboda haka ba sai an kulle yarinya a ɗaki ƙawayenta suna can ba, wannan ma wani ciwon ne a zuciyarta. Ta je da rana, ta sha maganinta a kan lokaci, ta nisanci fitilun, ta dawo ta kwanta da wuri.

Idan kina son gwadawa

Sauti mai sanyi da ke sa yaro natsuwa ya samu barci alheri ne, ko karatun Alƙur'ani ne, ko waƙar reno daga bakinki, ko shi kiɗan fiyanon. Amma ki kiyaye waɗannan:

1. Ki fara gaya wa likitan da ke duba ta, kuma magani ya ci gaba yadda aka rubuta.
2. Ki kunna a hankali daga lasifikar waya. Kada ta kwana da iyafis a kunne, kada kuma ki bar ta da wayar tana kallo har tsakar dare.
3. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ta faɗi, lokacin, tsawon faɗuwar, da abin da ya gabace ta: ta yi barci? Ta sha magani? Akwai zazzaɓi? Me take saurare? Littafin nan ya fi wa likita amfani a kan dogon bayani.
4. In kin ga wata waƙa ɗaya ta zo daidai da faɗuwarta sau biyu ko uku, ki daina kunna ta, ki sanar da likita. Zai iya tura ku gwajin EEG a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Abin da ya fi kiɗa ban tsoro

Ke da kike yankin kogin Haɗeja, ruwa da wuta su ne abin jin tsoro. Mai farfaɗiya yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce idon sawu ba. Idan damina ta yi nisa, fadamu da kududdufai suka cika, kada ta je wanki ko ɗiban ruwa ita kaɗai, kada ta shiga kwalekwale ba babba a kusa da ita. Kada a bar ta ita kaɗai a gaban murhu ko bakin rijiya. In za ta shiga wanka, kada ta sa sakata.

In kuma ta faɗi, ki kawar da abin da zai ji mata ciwo, ki sa zane a ƙarƙashin kanta, ki juya ta a gefe ɗaya don yawu ya fita. Kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, ba za ta haɗiye harshenta ba. Kada a danne ta, kada a yi mata ɗure ko hayaƙi, kada a kara ƙafarta a wuta. Ki duba agogon wayarki: in jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa ba ta farfaɗo ba, ko a ruwa ta faɗi, sai asibiti nan take.

In kuɗin magani ne ya yi nauyi, ki faɗa wa likita ba kunya. Akwai tsofaffin magunguna masu sauƙin kuɗi da ke aiki sosai, shi zai duba ko akwai wanda ya dace da ita. Bidiyon kuma kada ki tura shi gaba, don wata uwar tana iya gani ta ajiye maganin ɗanta.

Uwargida, in kina renon mai farfaɗiya, rubuto mana a ƙasa yadda kike yi da shi lokacin biki da makaranta, wata za ta ƙaru da ke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuri'a. Sai mun haɗu mako mai zuwa.