Zuwa ga Makanikan Injin Ban Ruwa da na Niƙa: "Ka Dawo Gobe" Ta Ishe Mu

Ya ku iyayen gidana da ƙannena masu riƙe da sifana a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, har da na Moriki, Kasuwar Daji da Dauran.

Ni ba bakanike ba ne. Ɗan lambu gare ni a bakin Gagare, albasa da tattasai, sai injin markaɗe guda da iyali ke juyawa a cikin gida. Ta ko'ina ke nan tukunyar gidana tana hannunku, shi ya sa na ga ina da bakin da zan yi muku wannan magana.

A ranin da ya wuce, albasa ta fara ɗaura kai, injina ya daina jan ruwa. Yana tashi, yana ƙara, amma tiyo a bushe. Na ɗaure shi a bayan babur na kai wa wani bakanike da muka shekara da shekaru muna hulɗa. Ya ja igiya, ya kasa kunne, ya ce ƙaramin abu ne, sil ne ya ci, in dawo gobe. Na ajiye kafin alƙalami na tafi da kwanciyar hankali. Gobe ta yi, yaron shago ya ce oga ya fita yanzun nan. Jibi na kira, wayar ta yi ta ruri ba a ɗauka ba. Gata kuwa a kashe take. A kwana na tara na ritsa shi a gareji, na tarar da injina a warwatse cikin tsohon daro. Sai a ranar na ji gaskiya: fankar da ke tura ruwa ce ta fashe, babu irinta a Ƙaura, babu a Gusau, an yi saƙonta daga Kano, direban kuma bai samu tasowa ba.

Duk uzurin nan nasa karɓaɓɓe ne, ko ɗaya ban ƙaryata ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tun yammacin ranar farko, da ya kwance injin, ya san wannan aiki ba na gobe ba ne. Da ya faɗa mini a daren, da asuba zan je in yi hayar injin maƙwabcina. Amma saboda kullum ina sa ran gobe, sai a rana ta biyar na haƙura na nemi haya, lokacin bakin ganye ya riga ya ƙone. Albasar ta yi, amma ƙanana. Fanka ta karye, wannan ƙaddara ce. Kwana huɗun da gonata ta yi da ƙishirwa kuwa, shirun mutum ɗaya ne ya jawo su.

Na san dalilin da ke sa ku yin haka, domin na zauna a kan bencinku na ji hirarku. Wani tsoro yake kada mai inji ya ɗauke kayansa ya kai wa na gaba. Wani kunyar cewa "ban gano ba tukuna" yake ji, musamman a gaban yaransa. Mafi yawa kuwa kara ce irin tamu: ba ma son mu dubi idon mutum mu faɗa masa abin da ba zai ji daɗi ba, sai mu sallame shi da "in Allah ya so gobe", alhali mu da shi da benci duk mun san ba goben ba ce. Kara tana da kyau a zumunci. A wurin sana'a, karar da za ta bar shukar mutum ta bushe ba alheri aka yi masa ba. Kuma ku ji tsoron jingina sunan Allah ga alkawarin da tun kafin ya fito daga baki ba a yi niyyar cikawa ba.

Ku tuna yadda muka zo nan. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa. In igiya ta tsinke, mai lambu ya tufka wata. In gwafa ta karye, ya shiga daji ya saro. Iyayenmu mata da dutsen niƙa da turmi suka ciyar da mu. Babu wanda yake jiran wani. Daga farkon shekarun 1990, da shirin Fadama na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injinan fetur, sai gonar da mutum ke iya shayarwa ta ninka, jigo ya zama labari. Amma abin ya zo da sharaɗin da ba mu lura da shi ba a lokacin: mun miƙa wuyanmu ga wanda ya san cikin inji. Yau mai lambu ba shi da jigon da zai koma wa, matar gida ma ta manta inda aka jefar da dutsen niƙa. Ku ne kuka gaji matsayin da maƙera ke da shi a da, lokacin da damina ba ta kankama sai maƙeri ya gama fartanya. Shi kuwa maƙerin da ya san ba zai gama ba kafin ruwan shuka, faɗa yake yi, don ya san gari guda zai kwana da yunwa.

Kada ku ɗauka wannan ciwo namu ne kaɗai. Wani ɗana da ke karatun kwamfuta a kwalejin fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura ya ba ni labarin da ya sa na yi dariya, don sai na ga garejinmu a ciki. Wasannin da yara ke bugawa a waya, irin su Subway Surfers, ashe su ma a kan "inji" ake gina su, wato wata babbar manhaja da wani kamfani ke ƙerawa, dubban masu sana'a su ɗora abincinsu a kai. Ɗaya daga cikin manyan masu ƙera irin wannan inji shi ne kamfanin Unity na Amurka. A watan Satumba na 2023 aka wayi gari kamfanin ya sanar cewa daga farkon 2024 zai riƙa karɓar kuɗi, har senti 20, a kan duk saukewar da aka yi wa wasan da ya kai wani mataki na kasuwa. Ba a shawarci masu sana'ar ba, kuma da suka yi ta tambayar yadda za a ƙidaya, bayanin da ake ba su yau daban, na gobe daban. Mutanen da suka shafe shekaru suna gini a kan injin suka fusata, wasu suka kwashe kayansu suka koma wani inji mai suna Godot. Cikin kwana goma kamfanin ya nemi afuwa ya sassauta, a watan Oktoba shugabansa John Riccitiello ya sauka, a Satumban 2024 kuma aka soke harajin gaba ɗaya. Injin nasu bai lalace ba ko na rana ɗaya. Yadda aka yi wa mutane magana ne ya kore su. To in kamfani mai biliyoyin daloli bai sha ba, ina ga mai rumfar kwano a bakin tasha, wanda duk kasuwarsa bakin mutane ce?

Yanzu bari in zo kan waya, don nan ne aka fi cutar mu. A Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta sa aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, kowa ya ɗanɗana rashin jin labari. Mutum ya yi tafiyar awa guda don tambayar da minti ɗaya ya isa a amsa. Abin mamaki, a watannin nan wasunku sun fi yanzu kula: bakanike zai tare direban da zai wuce ƙauyen mai inji ya ce, ka gaya wa wane kada ya taso sai Asabar. Yau ga waya a aljihu, ga saƙon murya a WhatsApp ga wanda ba ya rubutu, amma sai a kifa ta a kan benci tana ruri.

Ku dubi kuma abin da "ka dawo gobe" take nufi a ƙasar nan tamu a yau. Mutumin da ya taso daga Kwashabawa ko Jangeru ko Badarawa, ba kuɗin mota kaɗai ya kashe ba. Kun san halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi take ciki, kun san ta Zurmi zuwa Gurbin Ɓore. Duk fitowa sai iyali sun yi ta addu'a har ya dawo. Na taɓa ganin wani dattijo a bakin wani gareji, ya share zufa da hularsa yana cewa, "Tun Laraba anka ce in taho, yau zuwana na ukku ke nan bisa wanga inji." Wanda ya sa dattijon nan ya bi wannan hanya sau uku a banza, ya ɗauki alhakin da ya fi kuɗin inji nauyi. In aiki bai kammala ba, kira shi tun daren jiya. In garinsu babu sabis, tasha ba ta rasa wanda zai kai saƙo, balle ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci.

Maganar kuɗi ma haka take. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, farashin da kuka faɗa da safe ba lallai ya kai yamma ba. Mun sani, mu ma muna sayen taki. Ba ƙarin ne ke ɓata rai ba. A bar mutum sai ya zo ɗaukar kayansa da kuɗin da aka yi magana a kai, sannan a ce masa ai an ninka. Kafin ka sayi kabireto ko fistin da ya haura abin da kuka yi, tambaye shi. Wataƙila ya ce a sa na gwanjo, wataƙila ya ce a dakata sai ya sayar da akuya. Kuma a faɗa masa abin da aka sa: orijina ne, ɗan China ne mai sauƙi, ko na hannu ne. Kowanne da ranarsa, talaka ba ya ƙin mai araha in ya san shi ya saya. Tsohon ƙarfen da aka cire kuma a miƙa masa a leda ya gani da idonsa. Ɗabi'ar nan ta cire koyil daga injin wanda ba ya nan a sa wa wanda ya tsaya a kanka yana faɗa, da niyyar in nasa ya iso a mayar, ita ce ta sa mutane suka fara yi wa kayan injinsu alama da ƙusa kafin su kawo muku. Littafi mai ganye arba'in da biro sun isa: sunan mai kaya, ranar da ya kawo, abin da ya bayar, ranar da aka ce masa.

Akwai waɗanda ba sa iya zuwa su ritsa ku kamar yadda na yi. Injinan markaɗe da yawa na matan aure ne a cikin gida, wasu da kuɗin adashi suka saya, wasu da gadon miji. Yaro ake aikowa da injin a baro. Ku kuwa sai ku raina ɗan aike, ku ce ya je ya ce ana nan ana yi. Ita tana can masu kawo markaɗen wake da na tattasai sun koma gidan maƙwabciya, kuma mai ƙosai in ta saba da wani gida ba ta cika dawowa ba. Ku ba yaron magana mai kan gado da zai iya maimaitawa, ko ku karɓi lambar maigidan.

Sai kuma kalmar da ta fi kowace wuya a bakin bakanike: "ban iya wannan ba." Tsadar fetur ta sa mutane suna mayar da injinansu na gas, wasu suna sayen famfo mai aiki da hasken rana. Wannan na ƙarshe ba aikin fulogi da ringi ba ne, aikin lantarki ne. Wanda ya buɗe abin da bai sani ba yana koyo a kan dukiyar wani, ya bar mai kaya da gyara biyu. Wanda ya ce je ka wurin wane, shi ya san shi, bai yi asarar kwastoma ba. Ni dai irinsa nake koma wa da injin fetur ɗina har abada, don na san ranar da ya ce zai iya, zai iya ɗin ne.

Ba na cewa mu masu kawo gyara waliyyai ne. A cikinmu akwai mai tuƙa inji rani guda bai canza baƙin mai ba, in ya kama ya ce bakanike ne ya kashe masa. Akwai mai zuba fetur ɗin bakin hanya mai ruwa, akwai mai karɓar kaya ya ce sai an cire albasa, a cire albasar ya sauya hanya. Akwai mai barin inji shekara a gareji ya dawo yana neman rigima. Waɗannan ma magana ce maganinsu tun a ranar farko: ga kuɗin aiki, ga lokacin biya, ga abin da in ka yi wa injin nan ba ruwana. Minti biyun da za ka ɗauka ka nuna wa mai lambu yadda ake duba mai da wanke matatar iska, su za su hana shi dawo maka da zargi bayan sati uku.

Yaran da ke zaune a gabanku suna wanke ƙarfe da fetur ba kwance inji kaɗai suke koya ba. Yaron da aka sa ya ce oga ya fita alhali oga yana bayan rumfa yana shan fura, ya ɗauki darasi, kuma da shi zai buɗe nasa gareji.

Shi bakaniken nawa ba mu ɓata ba. Da fankar ta iso ya ɗaura, injin yana aiki har yau, don hannunsa na da kyau, ban taɓa musun wannan ba. Kaka ta gabato, zan fara ɗaga bedin albasa, injin kuma yana buƙatar a duba shi kafin a shiga aiki. Ranar Litinin zan kawo masa. Zan bar masa lambata a rubuce a jikin tankin da fenti, in kuma roƙe shi ya kwance shi a gabana kafin in tafi.

Naku,
wani mai lambu a bakin Gagare, Ƙauran Namoda.