Ƙananan Tagwaye Ba Jari Ba Ne



A makon jiya an kawo mana ƙara a zauren dattijonmu: wani matashi mai sayar da agashe a Kasuwar Umdurman ya cinye jarinsa da na abokin cinikinsa a kartar waya, wadda ake kira foka. Da aka tambaye shi, sai ya ce wai wannan ba konkan ba ce, lissafi ne, kuma mai iyaka yake bugawa, inda aka ƙayyade abin da kowa zai zuba. To, mu bi shi da lissafin nasa.

Karta 52 ce. Ana ba kowa biyu a ɓoye, sannan a buɗe uku a tsakiya. Wanda ya samu ƙananan tagwaye, kamar uku da uku, fatansa ta ukunsu ta fito cikin waɗanda aka buɗe. Hakan na faruwa kusan sau 12 ne kacal cikin 100, wato ya zuba sau takwas, bakwai su tafi a banza. Ranar da ta fito kuwa, iyakar nan da yake taƙama da ita ce za ta hana shi ɗibar abin da zai rufe asararsa. Shi ya sa gwanayen wasan da kansu suke cewa kada a shiga da irin wannan hannu sai mutane da yawa sun riga sun zuba.

Ku dubi wannan sharaɗi da kyau. Ribarsa ba ta tabbata sai an tara masu asara. Su wane ne su? Ɗan wani ne, mijin wata ne, waɗanda yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya riga ya raba su da rumfunansu. Wannan shi ne maisir da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta. Ƙayyade shi bai canza masa suna ba.

Iyayenmu da suka taso bayan Burmi a 1903 suka kafa Maiwurno, da noma da allo suka tsaya da ƙafafunsu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Dattijo ya yanke cewa yaron zai biya abokinsa kaɗan-kaɗan daga cinikin kowace rana. Mu kuma muna roƙon iyayen adashi: kafin ku miƙa wa matashi kwasarsa, ku tambaye shi inda za ta.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya.