Tashar jirgin Yamai da abin da ya kamata Maraɗi ta tambaya

Duk wanda ya bi ta wajen filin sukuwar dawaki na Yamai, wato Hippodrome, ya san ginin nan da ake ce ma gar. Ranar 7 ga Afrilu 2014 aka buɗe ta, tashar jirgin ƙasa ta farko a tarihin Nijar. Shugaba Issoufou Mahamadou na wurin, da Boni Yayi na Benin, da Faure Gnassingbé na Togo, da Vincent Bolloré mai kamfanin da ya ɗauki aikin. A watan Janairu 2016 kuma aka yi bikin layin Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140. Mu ƴan rediyo mun yi ta shela, har da kiɗa.

To, ina fasinja? Ina kaya? Shiru kake ji.

Wasu na cewa shari'a ce ta kashe aikin. Da gaskiyarsu: attajirin Benin Samuel Dossou ya ce kamfaninsa Petrolin ne ke da haƙƙin layin, kuma a 2017 kotun ƙolin Benin ta ba shi gaskiya. Amma mu a ganinmu ciwon ya girmi shari'ar. Dogon da ya taso daga tashar ruwan Kwatano tun zamanin Faransa a Paraku ya tsaya. Daga Paraku zuwa Doso akwai sama da kilomita 400 da ba a shimfiɗa ƙarfe ko ɗaya ba. Wane ɗan kasuwa ne zai sauke kaya daga kamyo a Doso, ya loda a jirgi, ya sake saukewa a Yamai? An fara gini daga wurin da za a ɗauki hoto, aka bar wurin da kaya za su fito.

Abin da ya sa muka tono zancen shi ne Maraɗi. Tun Fabrairu 2021 Najeriya ta aza tubalin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya. Shi kam yana da gindi, tunda Kano kasuwa ce. Sai dai faɗin dogonsa mita 1,435 ne, na Yamai zuwa Doso kuwa mita 1 cif. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan, ko da wata rana an haɗe su.

Don haka kafin a kira makaɗa, muna son hukumomi su fito su gaya mana: wa zai tafiyar da tashar Maraɗi, ina za a yi aikin duwan, kuma nawa mai albasa ko mai wake zai biya a kan buhu har Kano? Ƴan kasuwar Maraɗi, da na Damagaram da Tawa, ku ne za ku loda kayan, ku faɗa mana a ƙasa kuɗin da zai sa ku bar kamyo.