Raddi ga masu cewa Amurkawa sun yi juyin hankali, Faransawa sun yi na hauka

Tun 1800 da Bajamushe Friedrich Gentz ya kwatanta juyin juya halin Amurka da na Faransa, John Quincy Adams kuma ya fassara littafin, wata magana ta samu gindin zama: wai Amurkawa sun tashi ne cikin natsuwa don kare haƙƙin da suka gada, su kuwa Faransawa littattafan 'yan falsafa ne suka juya musu kai, shi ya sa nasu ya ƙare a jini. Maganar tana da daɗin faɗa, amma ba ta jure bincike.

Hujjarsu ta farko hali ne, alhali abin da kowa ya tarar a ƙasa shi ya bambanta. Virginia tana da majalisar zaɓaɓɓu tun 1619, sauran yankunan ma sun saba yanka wa kansu haraji. Sarki George na Uku na Ingila yana can ƙetaren teku, da gwamnoninsa suka tattara komatsansu sai aka ci gaba da mulki da mutanen da suka riga suka iya shi. A Faransa kuwa majalisar ƙasa ba ta zauna ba tun 1614 sai a Mayun 1789, shekara 175 ke nan. Manomi yana ba coci kason amfanin gonarsa, yana biyan mai sarauta, ga harajin gishiri, ga kuma ɓacin damina a 1788 da ya sa burodi ya gagari talakan Paris. Masu cin wannan moriya ba ƙetare suke ba, maƙwabtansa ne. Ba'amurke jinka kawai ya sake, Bafaranshe kuwa ginin ya rushe alhali yana kwana a ciki.

Sai su ce, to jinin fa? Ba mai musun sa. A Faransa an yanke wa kusan mutum 17,000 hukuncin kisa a 1793 da 1794, abin da aka yi wa masu tawaye a yankin Vendée ma ya fi haka muni. Amma a dubi lokacin. An shiga yaƙi da Ostiriya a Afrilun 1792, a Yuli kwamandan rundunar Prusiya, Brunswick, ya yi barazanar ragargaza Paris idan aka taɓa gidan sarki. Mai raddi zai tuna mana cewa kisan ya fi tsanani a Yuni da Yulin 1794, lokacin da sojan Faransa ke cin nasara. Gaskiya ne, kuma yaƙi ba ya wanke Robespierre, jigon masu mulki a lokacin. Abin da hakan ke nunawa dai shi ne kotun da aka kafa cikin tsoro ba ta rufe kanta don tsoron ya wuce. Kuma hannun Amurkawa ba fari tas ba ne: dubun-dubatar magoya bayan sarkin Ingila sun yi hijira, da yawa zuwa Kanada, sannan a 1779 Washington ya aika Janar Sullivan ya ƙone garuruwan ƙabilun Iroquois da gonakinsu.

Hujjar da suka fi tinƙaho da ita ita ce tsarin mulki mai ɗorewa. Sun manta na farkon da Amurka ta yi, wanda aka tabbatar a 1781, ya kasa ko tara haraji, sai da manoman Massachusetts suka ɗauki bindiga ƙarƙashin Daniel Shays kafin a taru a Filadelfiya a 1787 don rubuta sabo. Da me aka sayi sulhun wannan taro? Da bayi, waɗanda ƙidayar 1790 ta samu kusan 700,000. An ƙidaya bawa biyar a matsayin mutum uku don iyayen gijinsu su ƙara kujeru, an kuma hana majalisa taɓa fataucinsu kafin 1808. Bashin ya zo biya a 1861 da yaƙin basasa, wanda ya ci fiye da rai 600,000. Faransa ta soke bauta a 1794, ko da yake tawayen bayi a Saint-Domingue, yankin da take mulka, ne ya tilasta mata, Napoleon kuma ya maido da ita a 1802.

Wani abin da suke tsallakewa, juyin biyu a haɗe suke. Jiragen Faransa ƙarƙashin de Grasse da sojanta ƙarƙashin Rochambeau ne suka taimaka aka ritsa kwamandan Ingila Cornwallis a Yorktown a 1781, da kuɗin rance. Kafin 1788 kusan rabin abin da baitulmalin Sarkin Faransa Louis na Sha Shida ke kashewa a biyan bashi yake tafiya, wannan ne kuma ya tilasta masa kiran majalisar da ta zama sanadin tuɓe shi.